Cutar Gigin Tsufa: Ina Binciken Kimiyya Ya Kwana?

Magana uku ake yawan ji idan tsoho ya fara ruɗewa. Wasu su ce tsufa ne kawai, duk wanda Allah Ya ja kwanansa sai ya kai wannan gaɓa, don haka ba abin kaiwa asibiti ba ne. Wasu su jingina lamarin ga sammu ko aljanu, har takan kai a yi wa tsohuwar da ke fita cikin dare tana sambatu ƙazafin maita. Kashi na uku sababbi ne: waɗanda suka ga labari a waya cewa an gano maganin cutar mantuwa a Amurka, suke cigiyar inda za a saya. Binciken da masana suka shafe fiye da shekara ɗari suna yi bai gaskata ko ɗaya daga cikin ukun ba. Cuta ce da ke da dalilai a cikin ƙwaƙwalwa, har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da ita ba, amma an samu ci gaba na gaske wajen gane ta, rage mata gudu da kuma kauce mata.

Ma'anar kalmomin

Likitoci suna kiran wannan lalura dimenshiya, kalma mai asali daga Latin. Ma'anarta raguwar basirar mutum sannu a hankali: tuna abu, nemo kalma, gane hanya, lissafi da yanke shawara, har abin ya hana shi tafiyar da harkokinsa na yau da kullum. Hausawa kan ce gigin tsufa, ko ruɗewar tsufa, kafafen yaɗa labarai kuma kan ce cutar mantuwa. Sai dai lalurar ta wuce mantuwa, domin takan sauya hali da magana. Ba kuma tsofaffi kaɗai take kamawa ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 9 cikin 100 na masu ita sun fara ne kafin su kai shekara 65.

Akwai bambanci tsakaninta da mantuwar da kowa ke yi. Dattijon da ya manta inda ya ajiye carbinsa, daga baya ya tuna, wannan ba cuta ba ce. Wanda ya ɓace a hanyar masallacin da ya shekara arba'in yana zuwa, ko yake maimaita tambaya ɗaya sau goma kafin azahar, ko ya kasa gane kuɗin da ya saba ƙirgawa, shi ne abin dubawa. Haka kuma akwai ruɗewar farat ɗaya da kan samu tsoho saboda zazzaɓi mai zafi, ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki ko illar wani magani. Ita wannan tana wucewa idan an magance sababinta. Ƙarancin bitamin B12 da matsalar halittar maƙogwaro da ke haddasa maƙoƙo su ma sukan kawo alamomi masu kama da gigin tsufa, kuma suna jin magani.

Dimenshiya rukuni ne na cututtuka. Babbarsu ita ce cutar Alzheimer, wadda ke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu lalurar. Sai wadda ke zuwa daga lalacewar hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, sau da yawa bayan shanyewar ɓarin jiki ko hawan jinin da aka daɗe ba a kula da shi ba. Sai nau'in Lewy, wanda mai shi kan ga mutane ko dabbobin da ba su nan, jikinsa ya yi tauri irin na masu cutar karkarwa. Sai nau'in da ke cin gaban ƙwaƙwalwa, wanda kan fara da sauyin hali, mutum mai kunya ya koma yana sakin baki. Binciken gawa ya nuna cewa tsofaffi da yawa suna ɗauke da nau'i biyu ko uku a haɗe.

Ta fuskar yawa, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna mutum miliyan 57 ne ke da lalurar a shekarar 2021, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma kusan mutum miliyan 10 ke ƙaruwa kowace shekara.

Yadda binciken ya faro

A shekarar 1901 aka kwantar da wata mata mai shekara 51, Auguste Deter, a wani asibitin masu taɓin hankali a Frankfurt ta ƙasar Jamus. Likitan da ya duba ta, Alois Alzheimer, ya rubuta yadda take manta abin da aka faɗa mata yanzu-yanzu da yadda maganarta ke sarƙewa. Da ta rasu a 1906 ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya ga abu biyu: wasu dunƙule-dunƙule da suka taru a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da wasu zare-zare da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin. A 1910 maigidansa a aiki, Emil Kraepelin, ya sa wa cutar sunansa.

An yi shekaru fiye da saba'in ba a san mene ne waɗannan abubuwa biyu ba. A 1984 George Glenner da Caine Wong suka gano cewa dunƙulen wani furotin ne da ake kira amiloid. Furotin dai shi ne sinadarin da jiki ke gina sassansa da shi. Bayan shekara biyu aka tabbatar cewa zaren kuma wani furotin ne mai suna tau, wanda aikinsa na asali shi ne riƙe hanyoyin da abinci da saƙo ke bi a cikin ƙwayar jijiya. Idan tau ya lalace, hanyoyin sukan wargaje, ƙwayar ta mutu. Ɓarnar takan fara ne daga sashen da ke adana sababbin abubuwa, shi ya sa mai cutar zai ba ka labarin ƙuruciyarsa tiryan-tiryan amma ya manta ko ya karya kumallo.

Ra'ayin da ya fi rinjaye

A 1992 John Hardy da Gerald Higgins suka fito da bayanin da ya jagoranci binciken na tsawon shekara talatin: taruwar amiloid ce matakin farko, ita ke tayar da lalacewar tau, daga nan ƙwayoyin jijiya su mutu, sannan alamomi su bayyana.

Babbar hujjarsu daga gado ta fito. An samu wasu iyalai da cutar ke kama 'ya'yansu tun suna shekara arba'in da 'yan kai, kuma a duk inda aka bincika, matsalar tana cikin ɗaya daga ƙwayoyin gado uku da ke da hannu wajen samar da amiloid. Mafi shaharar irin waɗannan iyalai suna yankin Antioquia na ƙasar Kolombiya, dangi ne na mutum kusan 6,000 da likita Francisco Lopera ya shafe shekaru yana bibiya. Haka nan masu lalurar Down, da ake haifa da ƙarin kwafin ƙunshin gado na 21, inda umarnin samar da amiloid yake, mafi yawansu sukan tara dunƙulen kafin su kai shekara 40. A 2012 kuma aka gano akasin haka a ƙasar Aislan: wani sauyin gado da ke rage samar da amiloid, masu shi kuma ba kasafai cutar ke kama su ba.

Irin wannan gado kai-tsaye bai kai kashi 1 cikin 100 na masu cutar ba. Ga sauran mutane, gado yana ƙara haɗari ne kawai. Mafi ƙarfi a nan shi ne wani nau'in ƙwayar gado mai suna APOE4, wanda masana a Jami'ar Duke ta Amurka suka danganta da cutar a 1993. Wanda ya gaji kwafi ɗaya haɗarinsa kan ninka sau biyu zuwa uku, wanda ya gaji biyu kuwa ya kai ninki takwas zuwa sama. Duk da haka da yawa daga masu ɗauke da shi sukan tsufa da hankalinsu. Saboda haka ciwon uwa ko uba ba hukunci ba ne a kan ɗa.

Inda masana suka saɓa

Ba duk masana ne suka gamsu da ra'ayin amiloid ba, kuma suna da hujjoji masu nauyi. Na farko, hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa tsofaffi da yawa masu cikakken hankali suna ɗauke da dunƙulen. Wani bincike da David Snowdon ya fara a 1986 a kan mata masu hidimar coci 678 a Amurka, waɗanda suka amince a duba ƙwaƙwalwarsu bayan mutuwa, ya samu wasu da ƙwaƙwalwarsu ta cika da alamun cutar alhali har ƙarshen rayuwa ba su ruɗe ba. Na biyu, yawan tau ya fi yawan amiloid dacewa da tsananin ciwon. Na uku, magunguna da dama da aka ƙera don kawar da amiloid sun faɗi a gwaji ɗaya bayan ɗaya. An dakatar da wata allurar rigakafi a 2002 saboda ta kumbura ƙwaƙwalwar wasu daga masu gwajin, sannan manyan gwaje-gwaje a 2012 da 2016 suka tashi babu sakamako. A 2022 kuma mujallar Science ta bankaɗo alamun an taɓa hotunan wata fitacciyar maƙala ta 2006 a kan wani nau'in amiloid, aka janye maƙalar a 2024. Wannan bai rushe hujjojin gado ba, amma ya ƙara wa masu suka ƙarfi.

Masu wannan suka suna ganin an zuba kuɗi da yawa a hanya ɗaya, an bar wasu. Daga cikin hanyoyin akwai garkuwar ƙwaƙwalwa, domin da yawa daga wurare 75 na gado da wani babban bincike ya lissafa a 2022 suna da alaƙa da ƙwayoyin da ke share datti a ƙwaƙwalwa. Akwai lafiyar ƙananan hanyoyin jini. Akwai kuma zargin da ake yi wa wasu ƙwayoyin cuta. A yankin Wales na Birtaniya an ware masu karɓar rigakafin wani ciwon ƙuraje mai zafi, wanda ƙwayar ƙarambau ke haddasawa a jikin manya, bisa ranar haihuwa: wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1933 ya cancanta, wanda ya girme shi da mako guda bai cancanta ba. Masana daga Jami'ar Stanford sun kwatanta ɓangarorin biyu, suka wallafa a 2025 cewa waɗanda aka yi wa allurar haɗarin dimenshiya ya ragu musu da kusan kashi 20 cikin 100 a cikin shekara bakwai. Sakamako ne mai jan hankali da ke jiran gwajin da aka tsara musamman domin tabbatarwa.

Matsayar da mafi yawan masana suka tsaya a kai yanzu ita ce amiloid yana da hannu, musamman a farko, amma ba shi kaɗai ke aikin ba.

Magunguna: tsofaffi da sababbi

Magungunan da aka daɗe ana ba masu cutar huɗu ne: donepezil da ya fito a 1996, rivastigmine, galantamine, da memantine da Amurka ta amince da shi a 2003. Suna ɗan ƙarfafa isar saƙo tsakanin ƙwayoyin jijiyar da suka rage, wasu majinyata su samu sauƙi na wani lokaci. Ba sa hana ƙwayoyin ci gaba da mutuwa.

Sababbin su ne suka jawo labaran "an gano magani". Sinadaran garkuwa ne da ake haɗawa a ɗakin gwaji, a sa wa mutum ta jijiya, su manne wa amiloid domin jiki ya kwashe shi. Na farkonsu, aducanumab, ya samu amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 2021 duk da cewa kwamitin masanan da ke ba ta shawara bai gamsu ba, kuma kamfanin Biogen ya daina sayar da shi a 2024. Na biyu, lecanemab na kamfanonin Eisai da Biogen, an gwada shi a kan mutum 1,795 na tsawon wata 18, ya rage saurin taɓarɓarewa da kashi 27 cikin 100, ya samu cikakkiyar amincewa a Yulin 2023. Na uku, donanemab na kamfanin Eli Lilly, an gwada shi a kan mutum 1,736, ya rage saurin da kusan kashi 35 cikin 100 ga waɗanda tau bai yi musu yawa ba, aka amince da shi a Yulin 2024.

Ya kamata a fahimci waɗannan alƙaluma da kyau. Waɗanda suka karɓi maganin ba su warke ba, ba su kuma tsaya inda suke ba. Sun ci gaba da raguwa, sai dai a hankali fiye da waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a cikinta. A gwajin lecanemab, tazarar ɓangarorin biyu ba ta kai rabin maki ba a ma'auni mai maki 18. Masu goyon baya suna cewa wannan ne karon farko da aka taɓa asalin cutar, kuma 'yan watannin da mutum zai ƙara yana gane iyalinsa suna da daraja. Masu suka suna cewa tazarar ta yi ƙanƙanta har iyali ba lalle su lura da ita ba.

Akwai kuma haɗari. Kusan kashi 13 cikin 100 na masu karɓar lecanemab da kashi 24 na masu karɓar donanemab sun samu kumburin ƙwaƙwalwa, wasu da ɗigon jini. Yawanci abin kan wuce ba tare da alama ba, amma mutum uku sun mutu a gwajin donanemab sanadiyyarsa. Dole a riƙa ɗaukar hoton MRI a kai a kai. Ga tsada: an sa farashin lecanemab dala 26,500 a shekara, donanemab kusan dala 32,000, ban da kuɗin hoto da na asibiti. Birtaniya ta ba su lasisi a 2024, amma hukumar da ke auna amfanin magani da kuɗinsa ta ƙi yarda a biya su daga asusun lafiyar gwamnati. Magungunan na masu cutar Alzheimer ne a matakin farko kawai, waɗanda gwaji ya tabbatar suna da amiloid.

Dalilin ƙarancin tasirinsu, a ganin masana da yawa, shi ne lokaci. Amiloid yakan fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin alamar farko. Kwashe shi bayan mutum ya fara ruɗewa kamar korar gara ce bayan ta gama cin itacen rufi. Shi ya sa yanzu ake gwada magungunan a kan mutanen da ke da amiloid amma hankalinsu lafiya lau.

Gano cutar ta hanyar jini

A da, tabbatar da cutar Alzheimer ga mai rai yana buƙatar hoton PET mai tsadar gaske, ko a ɗebi ruwa daga ƙashin baya. Yanzu an gano wani ɓurɓushin tau a cikin jini, p-tau217, da ke nuna abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa. Wani bincike na Jami'ar Lund ta ƙasar Swidin a 2024 ya samu gwajin jinin yana dacewa da gaskiya a kusan kashi 90 cikin 100 na masu ƙorafin mantuwa, sama da hasashen likitoci da ba su yi amfani da shi ba. A Mayun 2025 Amurka ta amince da gwajin jini na farko. An tsara shi ne domin masu alamomi, ba domin mai lafiya ya je ya gwada kansa ba. Ga ƙasashen da na'urar PET ke da wuyar samu, wannan ci gaba zai iya fin sababbin magungunan amfani nan kusa.

Rigakafi

A nan ne labarin ya fi ƙarfafa gwiwa. Kwamitin masana na mujallar Lancet, ƙarƙashin Gill Livingston, ya lissafa abubuwa 14 a rahotonsa na 2024 da ya ce kusan kashi 45 cikin 100 na dimenshiya a duniya na da nasaba da su: ƙarancin ilimi a ƙuruciya, raunin ji, yawan mugun kitse a jini, ciwon damuwa, buguwa a ka, rashin motsa jiki, ciwon suga, shan taba, hawan jini, ƙiba, yawan shan barasa, kaɗaici, gurɓatacciyar iska, da raunin gani da ba a magance ba. Wannan ƙiyasi ne na al'umma gaba ɗaya. Ba ya nufin wanda ya kamu shi ya jawo wa kansa.

Gwaje-gwaje sun fara gaskata wani ɓangare na lissafin. A ƙasar Finlan, binciken FINGER da aka wallafa a 2015 ya haɗa wa tsofaffi abinci mai kyau, motsa jiki, atisayen tunani da lura da hawan jini na tsawon shekara biyu, basirarsu ta fi ta waɗanda aka ba shawara kawai. A karkarar ƙasar Sin, an horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba likitoci ba ne, suka riƙa auna hawan jini da ba da magani a wani gwaji na mutum kusan 34,000 a ƙauyuka 326. Bayan shekara huɗu, dimenshiya ta ragu da kashi 15 cikin 100 a ƙauyukan da aka yi wa wannan kulawa. A Turai da Amurka ma, adadin sababbin masu kamuwa a kowane rukunin shekaru yana raguwa tun shekarun baya, abin da ake dangantawa da yaɗuwar ilimi, raguwar shan taba da kula da lafiyar zuciya.

Darasin Ibadan

Nijeriya tana da gurbi a wannan tarihi. Daga 1992 masana na Jami'ar Ibadan, cikinsu har da Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi, suka haɗa kai da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiana, suka bibiyi tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fata tsofaffi a birnin Indianapolis da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon 2001 ya nuna kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ke kamuwa a shekara, a Indianapolis kuwa kashi 3.24. An kuma ga tasirin APOE4 ya fi rauni a Ibadan. Masu binciken sun karkata ga cewa bambancin abinci da ƙarancin cututtukan hanyoyin jini a Ibadan na wancan lokaci suna da hannu.

Darasi biyu ke nan. Yanayin rayuwa yana sauya haɗari ko da asali ya yi kusa. Sannan abin da aka gano a jikin Turawa ba lalle ya yi daidai da na 'yan Afirka ba, ga shi baƙaƙen fata ƙalilan ne a gwajin sababbin magungunan. Yayin da hawan jini da ciwon suga ke yawaita a biranenmu, mutane kuma suke ƙara tsawon kwana, babu tabbacin wancan rangwame zai ɗore.

Abin da ya kamata a riƙe

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen masu lalurar za su kai miliyan 139 a 2050, kuma mata ne suka fi kamuwa, su ne kuma ke ɗauke da kusan kashi 70 cikin 100 na aikin jinya. Sababbin magungunan za su daɗe ba su iso ga talakan Kano ko Damagaram ba, kuma ko sun iso ba sa warkarwa. Duk wanda ya tallata wani haɗi ko ƙwaya da sunan tana dawo da tunanin tsoho, yana faɗin abin da kimiyya ba ta kai gare shi ba.

Abin da ke hannunmu kuwa ba kaɗan ba ne: auna hawan jini tun daga shekara arba'in da shan maganinsa ba fashi, kula da suga, cire yanar ido, duba kunnen da ya fara nauyi, sa hular kwano a kan babur, rage shaƙar hayaƙin itace a madafa, sa yara a makaranta, da rashin barin tsoho shi kaɗai a ɗaki. Idan dattijo ya fara ruɗewa, a kai shi wurin likita da wuri, domin wataƙila abin da ke damunsa yana jin magani, in kuma dimenshiya ce iyali su san yadda za su riƙe shi. Majinyaci ne da ke da haƙƙin haƙuri da mutunci a kan 'ya'yansa da maƙwabtansa, kuma wajibi ne malamai, sarakuna da ma'aikatan lafiya su faɗa wa jama'a hakan a fili.